Hadarin yamma da iska mai ɓarna: yadda ake hasashensu

Daga watan Mayu zuwa Satumba, galibin hadarin da ke sauka a kudancin Nijar da rana yake haɗuwa, ya taso tsakanin la'asar da dare. A lokuta da dama ɓarnar iskar da ke gabansa ta fi ta ruwan.

Yadda hadari ke haɗuwa

A damina iska mai danshi tana shigowa daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ta haɗu da busasshiyar iskar Sahara. In rana ta gasa ƙasa, iskar mai danshi sai ta yi sama, ta huce, ta zama girgije da kan kai tsawon kilomita 15. Irin waɗannan gizagizai sukan jeru layi guda na ɗaruruwan kilomita, su nufi yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Shi ya sa ake duban gabas. Hadarin da ya bar Damagaram da la'asar yana iya isa Maraɗi da dare.

Daga ina iskar take?

Ruwan da ke zubowa daga girgijen yana ratsa busasshiyar iska, wani ya bushe tun bai kai ƙasa ba. Wannan yana sanyaya iskar, ta yi nauyi, ta faɗo, ta bazu a gaban hadarin tana tura ƙura. Gudunta kan wuce kilomita 100 a awa, ta yaye kwanon rufi, ta kayar da itatuwa da turakun lantarki. Abin ya fi tsanani a farkon damina, lokacin da sama ba ta jiƙa ba. Bangon ƙurar da ya rufe Yamai ranar 4 ga Mayu 2020 misali ne.

Aikin masu hasashe

Ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa, DMN, ita ke fitar da sanarwa, kuma a Yamai akwai cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET. Ana sakin balan-balan mai na'ura don auna zafi, danshi da iska a sama, kwamfuta kuma ta lissafa yankunan da ke cikin haɗari. Hotunan tauraron ɗan adam na Meteosat, da ke zuwa duk minti 10 zuwa 15, suna nuna girgijen da ke girma da inda ya dosa.

Tun da safe ana iya cewa jihar Tawa ko Maraɗi tana fuskantar hadari mai iska. Garin da zai faɗa wa da ainihin lokacin kuwa, sai saura awa ɗaya zuwa uku ake tantancewa. Wani bincike na 2017 ya nuna cewa manyan hadura a Sahel sun ninka sau uku tun 1982.

Abin yi

In gabas ta yi baƙi ko ja, iska ta tsaya cik, a shigar da yara da dabbobi, a nisanci itatuwa, rumfuna, tsohon ginin ƙasa da wayoyin wuta. Masu tuƙi su faka gefen hanya. Daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da tsawa na nufin kilomita ɗaya. Kafin damina kuma a duba ƙusoshin rufi.