Manhaja da Magadanta: Tarihin Lisp da Masu Kiwonta

Gabatarwa

Mu ɗaliban adabi mun san cewa ba marubuci kaɗai ke raya littafi ba. Rubuce-rubucen malaman jihadi da ke adane a Gidan Arewa, Kaduna, sun iso gare mu ne ta hannun masu kwafe, waɗanda suka riƙa gyara tuntuɓen alƙalami suna sanya sharhi a gefen shafi. Wannan maƙala za ta dubi irin wannan hidima a duniyar na'ura mai ƙwaƙwalwa, ta bin tarihin wani harshen ba ta umarni da ake kira Lisp.

Asalin Harshen

John McCarthy ne ya ƙago Lisp a shekarar 1958 a cibiyar MIT ta Amurka, ya kuma bayyana shi a wata maƙala a 1960. Ma'anar sunan ita ce sarrafa jeri, domin komai a cikinsa jeri ne da aka killace tsakanin baka biyu, umarni ne ko bayani. Da fari McCarthy ya ɗauki tsarin a matsayin nazarin lissafi a kan takarda, sai Steve Russell ya mayar da shi abin da injin IBM 704 zai iya gudanarwa. Daga nan harshen ya yi rassa kamar kare-karen harshe, irin su Maclisp da Interlisp, har aka yi musu daidaitacciyar ƙa'ida mai suna Common Lisp, wadda hukumar ma'auni ta Amurka ta amince da ita a 1994.

Farautar Kuskure

Abin da ya fito da Lisp fili shi ne yadda ake gyara a cikinsa. A harsuna da dama, idan manhaja ta yi tuntuɓe sai ta mutu, mai gyara ya koma farko. A Lisp kuwa tsayawa take yi a inda ta ci karo, ta jira. Mai gyara zai tambaye ta matakan da ta biyo, ya duba abin da ke cikin kowane ma'aji, ya sake rubuta ɓangaren da ya gurgunce, sannan ya umarce ta ta ci gaba daga wurin. An ga amfanin wannan a watan Mayun 1999, lokacin da wata manhajar Lisp da ke tuƙa kumbon Deep Space 1 na hukumar NASA ta cije a sararin samaniya. Sassanta biyu ne suka tsaya, kowane yana jiran ɗan'uwansa. Daga doron ƙasa injiniyoyi suka bincike ta, da tazarar miliyoyin kilomita, suka gano musabbabin, aka kuma kammala gwajin.

Labarin Macsyma

Sai dai gyaran yini ɗaya bai kai kiwon shekaru wuya ba. A 1968 aka soma rubuta Macsyma a MIT, manhajar da ke warware aljabara da alamomi kamar yadda malamin lissafi ke yi a kan allo. A 1982 aka ba kamfanin Symbolics lasisin sayar da ita, aka kuma ajiye wani kwafi a hannun Ma'aikatar Makamashi ta Amurka. Wannan kwafi ne William Schelter, malamin lissafi a Jami'ar Texas da ke Austin, ya ɗauka yana kula da shi, yana daidaita shi da sababbin injuna, yana toshe ɓarakar da masu amfani suka kawo ƙara. A 1998 ya sami izinin sakin asalin rubutun a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ke ba kowa damar karantawa da gyarawa da rabawa, muddin shi ma bai rufe nasa gyaran ba. Sunan wannan reshe Maxima.

Reshen kasuwa, duk da jarin da aka zuba masa, ya daina bunƙasa a 1999. Schelter kuma ya rasu ba zato a ƙasar Rasha a watan Yulin 2001. Da a ce bai saki rubutun shekara 3 kafin nan ba, da wataƙila an binne aikin tare da shi. Amma masu sa kai daga ƙasashe daban-daban suka gaje shi, kuma har yau ɗalibi a Kagoro ko Zariya zai iya sauke Maxima ya yi aiki da ita ba tare da biyan ko kwabo na lasisi ba. Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Darasi Gare Mu

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga batun kiwon abin da aka gada. Layin dogo da ya mayar da Kafanchan babbar mahaɗa a 1927 ya rayu ne da guduma da shebur na leburorin da ke bin sa kullum, kuma da kulawa ta yi rauni kowa ya ga yadda tashar ta koma. Haka manhaja take, domin injuna na sauyawa a ƙarƙashinta, abin da ya yi aiki bara yana iya ƙi bana.

A 2022 aka buɗe Wikipedia ta harshen Tyap, wanda Gworok na mutanen Kagoro ke cikin kare-karensa, kuma a kan buɗaɗɗiyar manhaja ta tsaya, kamar takwararta ta Hausa. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da ƙamusoshi da manhajojin duba ƙa'idar rubutu, duk suna bukatar wanda zai lura da kuskure, ya kai rahoto a rubuce, ya koma ya tabbatar an gyara. Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya yi wannan; sanin nahawu da haƙuri sun isa a soma.

Kammalawa

Mun ga yadda Lisp ya faro, da yadda ake farautar kuskure a cikinsa, da yadda Maxima ta tsira domin mai riƙe da ita ya buɗe ƙofa tun yana raye. Shawararmu ga sassan Hausa na jami'o'inmu ita ce, duk wani ƙamus ko taskar kalmomi da aka haɗa a kwamfuta a ajiye asalinsa a inda wasu za su iya gani su gyara, a rubuta bayanin yadda aka gina shi, a kuma horar da aƙalla ɗalibai biyu da za su ci gaba da shi bayan mai shi ya yi ritaya.