Tasowar filato

Filato yanki ne mai faɗi wanda ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi tsayi, amma samansa a baje yake, ba kamar jerin duwatsu masu tsini ba. Tasowar filato kuwa ita ce ɗagawar da irin wannan yanki ke yi sannu a hankali cikin miliyoyin shekaru, sakamakon abubuwan da ke gudana can ƙarƙashin ƙasa. Masana ilimin duwatsu sun gano hanyoyi uku da hakan ke faruwa: ɓawon ƙasa ya yi kauri, ko saiwar nahiya mai nauyi ta ɓantale, ko kuma zafi ya taso daga ƙasa. Sau da yawa filato guda kan haɗa fiye da ɗaya.

Ɓawon ƙasa yana iyo ne

Ɓawon nahiyoyi yana da kaurin kimanin kilomita 35 a mafi yawan wurare. A ƙarƙashinsa akwai mantil, dutse mai zafi wanda ya fi ɓawon nauyi. Mantil ba ruwa ba ne, daskararren dutse ne, sai dai yana malala a hankali idan aka danne shi tsawon zamani. Saboda haka nahiya tana zaune a kansa kamar kwale-kwale a kogi: a ƙara masa kaya ya nutsa, a sauke ya ɗago.

An fara fahimtar wannan ne a ƙarni na 19, lokacin da Turawan Ingila ke awon ƙasar Indiya. An yi tsammanin nauyin duwatsun Himalaya zai janyo igiyar ma'aunin masu awo sosai, sai aka ga janyowar ba ta kai yadda lissafi ya nuna ba. A shekarar 1855 George Airy ya bayyana cewa duwatsun suna da saiwa marar nauyi da ta nutsa cikin mantil, shi kuwa John Henry Pratt ya ce duwatsun da ke ƙarƙashin tuddai ne ba su kai na kwari nauyi ba. Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Daga baya Clarence Dutton na Amurka ya raɗa wa wannan daidaito suna isostasi. Har yau ana iya auna shi: gaɓar Tekun Botniya, tsakanin Suwidin da Finlan, tana ɗagawa kusan milimita 9 kowace shekara, saboda dusar ƙanƙarar da ta danne yankin ta narke tun kimanin shekara 10,000 da suka wuce.

Kaurin ɓawo

Filaton Tibet shi ne mafi tsayi da girma a duniya. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 2.5, matsakaicin tsayinsa kuma ya haura mita 4,500. Kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce farantin Indiya ya ci karo da na Asiya, kuma har yanzu yana kutsawa arewa da 'yan santimitoci a shekara. Matsin ya tattare ɓawon ƙasa har kaurinsa ya kai kimanin kilomita 70, ninki biyu na yadda aka saba. Abin da ya sa saman Tibet ya baje maimakon ya zama tsini zalla shi ne ƙasan ɓawon ya yi zafi har ya yi laushi, ba ya iya riƙe wani wuri sama da wani ƙwarai.

Ɓantalewar saiwa

A manne da ƙasan ɓawo akwai wani sashe na mantil mai sanyi da tauri, wanda ya fi mantil ɗin da ke ƙarƙashinsa nauyi. Idan wannan saiwa ta yi kauri da yawa takan ɓantale, ko ta ɗiga kamar zuma, ta nutse. Mantil mai zafi ya maye gurbinta, ƙasar da ke sama kuma ta ɗago. Wasu masana, ciki har da Carmala Garzione, suna ganin haka ya faru da Altiplano na Bolibiya da Peru, mai tsayin kimanin mita 3,750, inda suka ce ya yi tashin gaggawa tsakanin shekara miliyan 10 zuwa 6 da suka wuce. Wasu kuma suna ganin tashin a hankali ya zo.

Filaton Kolorado na yammacin Amurka ya fi ɗaure kai. Dutsen farar ƙasa da ke bakin kwazazzabon Grand Canyon a ƙarƙashin teku ya samu kimanin shekara miliyan 270 da suka wuce, kuma akwai ɓurɓushin halittun ruwa a cikinsa. Yau yana sama da mita 2,000 bisa teku, amma shimfiɗun dutsen suna nan kwance kusan yadda aka zuba su. Wato babu karon da ya lanƙwasa su; daga ƙasa aka ɗaga yankin ɗungurungum. A shekarar 2011 Alan Levander da abokan aikinsa suka yi amfani da bayanan na'urorin auna girgizar ƙasa, suka nuna wani curi mai nauyi yana saɓulewa daga ƙasan filaton. Ana ci gaba da muhawara a kan lokacin tashin, domin shekarun kwazazzabon kansa sun rataya a kan amsar.

Zafi daga ƙasa

Afirka ce ta fi nuna hanya ta uku. Dutse idan ya yi zafi yakan kumbura, nauyinsa ya ragu, ya turo abin da ke samansa. Kimanin shekara miliyan 30 da suka wuce narkakken dutse ya malale a Habasha, ya taru har kaurinsa ya haura mita 2,000 a wasu wurare, ƙasar kuma ta kumburo. Ras Dashen, ƙololuwar Habasha mai tsayin kimanin mita 4,550, ragowar tsohon dutse mai aman wuta ne da ya hau kan wannan shimfiɗa.

Kudancin Afirka ma yana sama da mita 1,000 a mafi yawan cikinsa, alhali babu wani karon faranti a kusa. Binciken girgizar ƙasa ya nuna wani ƙaton yanki a ƙasan mantil, kusa da zurfin kilomita 2,900, inda igiyoyin girgiza ke rage gudu, kuma masana da dama suna danganta tsayin ƙasar da shi.

A Afirka ta Yamma, tudun Adamawa na Kamaru yana kan jerin duwatsu masu aman wuta da ya faro daga tsibiran Tekun Gini ya ratsa ta Dutsen Kamaru. Filaton Jos, mai matsakaicin tsayin kimanin mita 1,280, yana tsaye ne a kan ƙaƙƙarfan dutsen giranit da ya daskare kimanin shekara miliyan 160 da suka wuce, wanda taurinsa ya sa zaizaya ba ta cinye shi da wuri ba, kuma daga cikinsa ne kuzar Jos ta fito. Tsofaffin bakunan aman wuta da ke wajejen Panyam da Kerang sun zo ne daga baya sosai, shaidar cewa zafin ƙarƙashin yankin ya sake motsawa.