Tsohon Injin Niƙanmu: Yadda Ya Zo, Ya Mutu, Munka Tashe Shi

Da kwamitin bikin zagayowar shekarar ƙungiya ya ce a rubuta tarihin injin niƙanmu, sai anka ɗora mana aikin, mu 'yan ajin yaƙi da jahilci, wai tunda mun iya riƙon biro to mu nuna. Abin da munka gani da idonmu mun rubuta shi. Wanda ya girme mu kuwa, mun shimfiɗa tabarma gaban tsofaffi mun tambaya.

Wata rana Malama ta shigo aji da hoton wani ɗaki a bakin rafi. A jikinsa akwai ƙatuwar ƙafa ta katako, kamar ta amalanke amma ta fi mutum tsawo. Ruwa na zubo mata tana juyawa, ita kuma tana juya dutsen niƙa a cikin ɗakin, gari na zuba, babu mai babu hannun kowa. Ta ce a Ingila, da anka yi ƙidayar dukiyar ƙasar a 1086, an samu irin wannan fiye da 5,000. A birnin Fas na Maroko ma haka. Wani matafiyi, Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta shekara kusan 500 da sunka wuce cewa wuraren niƙa na Fas sun kai 400. Shi ɗin dai ya ambaci Zamfara cikin littafinsa, ya ce ƙasa ce ta gero da shinkafa da auduga.

Sai wata gwaggonmu ta aje allonta ta ce, "To Malama, mu mi munka yi wa ruwa da bai yi muna niƙa ba?" Anka yi dariya, amma tambayar ta bi mu har gida.

Amsar tana nan bayan gari. Niƙan ruwa na son rafi mai gudu rani da damina, da gangara mai ƙarfi. Namu gulaben ba haka Allah Ya yi su ba. Dubi wanda ya ratsa Gusau ya wuce Bungudu: da damina ya cika ya yi hauka, kowa na tune da ƙarshen Satumba 2006 da dam ɗin Gusau ya ɓalle ya ci gidaje da rayuka. Amma kafin dawa ta gama shiga rumbu ya fara janyewa, da rani kuwa sai yashi, mu ne ma ke tona shi neman ruwan sha. Lokacin da akwai ruwa rumbu ya yi ƙasa, lokacin da rumbu ya cika ruwa ya tafi. Don haka aikin da rafi ya yi wa mutanen Fas, a Magami gwiwa da kafaɗar mace sunka yi shi.

'Yan matan yanzu su saurara. Kakanninmu kan tashi kafin kiran assalatu. A yi sussuka, a sheƙe, a surfa, a bakace dusa, a wanke, a shanya, sannan a durƙusa gaban dutse. Tiya biyu ta dawa na iya cinye hantsi guda. In dutse ya yi sulɓi sai a ɗauko makoɗi a koɗa shi, kuma ranar duk wanda ya ci tuwo zai ji tsakuwa a haƙori. Wata inna ta miƙo mana tafin hannunta, shekara da shekaru rabonta da dutse amma kantar na nan. Ta ce amarya a zamaninsu ba a duba lallenta kamar yadda ake duba laushin garinta. Abin da kawai take kewa shi ne waƙar niƙa, don nan ne mace ke faɗa wa kishiya da uwar miji abin da ke ranta ba wanda zai kama ta da laifi.

Jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya ya wuce Ƙauran Namoda a 1929, cinikin auduga da gyaɗa ya buɗe, kayan ƙarfe sunka fara shigowa. Amma inji bai iso mu da wuri ba. Tsofaffi sun haɗu a kan cewa namu ya zo shekarar canjin kuɗi, da anka bar fam da sule anka koma naira, watau 1973. Wani alhaji mai sayen auduga ya ɗauko shi a bayan babbar mota daga Gusau. Sunan da ke jikinsa, wanda yanzu mu da kanmu ke karantawa, Lister ne, ƙirar garin Dursley a Ingila. Silinda ɗaya gare shi, da manyan ƙafafun ƙarfe biyu, yana shan gas, ana tada shi da hannu. Gefensa akwai duro cike da ruwa mai sanyaya shi, ruwan zafi na hawa na sanyi na sauka. Ashe dai shi ma ba ya niƙa sai da ruwa.

Maza ba su karɓe shi hannu biyu ba. Wasu sunka ce tuwon garin inji warin ƙarfe yake, wasu sunka ce zai koya wa mata ƙyuya. Iyayenmu ba su yi gardama ba. A ba yaro ƙwarya a rufe da faifai ya bi ta bayan gida, da dare maigida ya cinye tuwo har ya yaba hannun uwargida.

Ya yi aiki shekaru masu yawa. Da alhajin ya rasu magada sunka kasa daidaitawa, ga kuma ƙananan injuna masu shan fetur sun cika unguwanni. Wata rana ya tsaya, ba wanda ya kula. Rufin ɗakin ya rufta, zanzaro ya yi gini a bakin salansa, kaji na ƙwai cikin mazurarin. Mu da muke wucewa kullum zuwa kasuwa mun daina ma ganinsa.

A Satumba 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka, anka kashe layukan waya. Injuna sunka yi shiru, turmi ya dawo, har da masu tono dutsen kakarsu daga bayan ɗaki. Mata masu ciki, da waɗanda sunka gudo daga ƙauyuka da goyo, kowa na daka. Sannan a Mayu 2023 anka cire tallafin fetur, kuɗin niƙa ya yi tsalle, mai ƙosai da mai fura sunka fara lissafin ko sana'ar za ta ci gaba.

Ana cikin haka munka ji wani mai haƙar zinari ya taya tsohon injin. Gabanmu ya faɗi, don mun san abin da irin wannan ya jawo. A 2010, a Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, can Anka da Bukkuyum, da injin niƙan hatsi da turmin gida anka riƙa niƙa dutsen zinari. Dutsen na ɗauke da dalma, ƙurarsa ta bi tsakar gida ta shiga cikin yara, fiye da 400 sunka mutu. Har likitocin MSF sunka zo, anka kankare ƙasar gidaje anka zubo sabuwa. Uwar ƙungiya ta ce, "Ba a unguwarmu ba, in Allah Ya yarda."

Gaskiya ba duka munka yarda ba da farko. Wasunmu, har da mai riƙe da wannan biro, mun ce kuɗin asusu na jari ne, a raba wa kowa ta ƙara a tirenta, me za a yi da mushen ƙarfe? Sai da anka yi zama uku. Daga baya munka yi gayya munka tafi wurin magada da dattawan unguwa. Tayinmu bai kai na mai zinari ba, amma babbar 'yar marigayin ta ce da garin injin nan anka yi tuwon bikinta, a bar wa mata.

Makaniki ya zo daga Gusau, kuma kun san hanyar nan, kowace tafiya da addu'a ake yinta. Ya duba ya ce kamfanin ya bar ƙera irinsa tun 1987, amma a Rajkot ta Indiya ana yin kwafinsa, kayansu na shiga. Fistin ya kafe, sai da ya kwana bakwai jiƙe cikin gas kafin ya motsa. Anka canza ringi da nozul, anka sayo sabon bel, anka kai farantan niƙa anka wasa haƙoransu. Mu kuma munka kwaɓa ƙasa, mazanmu sunka ɗora rufi. Ranar tayarwa samari biyu sunka juya hannun har sunka jiƙe, ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, sannan ya kama: tum, tum, tum, a hankali kamar luguden manya. Innar nan mai kanta ta rangaɗa guɗa, ta ce muryarsa ba ta canza ba. Tiya ukun farko kaji munka ba, don tsatsa.

Gas ba araha gare shi ba, kar wata ta ce mun ce. Amma injin na tafiya a hankali, shansa kaɗan ne, kuma in an tara niƙa an tada shi sau ɗaya yana fidda kuɗinsa har a aje na gyara. Shi ya sa muke roƙo a riƙa kawo hatsi kafin hantsi, a daina zuwa ɗaya bayan ɗaya. Dokar da ke rubuce a ƙofa kuma tana nan: hatsi da wake kawai. An zo mana har sau biyu da dare da buhun dutse da kuɗi masu kauri, ma'aji ta nuna masu hanya.

Abin da ya rage yanzu, farantan sun sha washi sun yi siriri, makaniki ya ce ba za su kai kaka ba. Duron ruwan ma ya fara yoyo ta gindi, ƙullin leda munka tura ke riƙe da shi. Za a kawo maganar a zaman wata mai zuwa, kowa ta zo da katinta.