Yadda ƙwayoyin cuta ke lalata ƙoda

Idan ana maganar ciwon ƙoda, hawan jini da ciwon suga ne ke fara zuwa a zukatan jama'a. Sai dai a Nijeriya, cututtukan da ake ɗauka, waɗanda sau da yawa ake yi wa riƙon sakainar kashi, na daga cikin manyan abubuwan da ke kai mutane ga wankin ƙoda.

Kowace ƙoda na ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. Ƙodojin biyu kan tace ruwa kusan lita 180 daga jini a kowace rana, su mayar wa jiki mafi yawansa, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Ƙwayoyin cuta kan gurgunta wannan aiki ta hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ita ce hawa daga mafitsara. Ƙwayar E. coli, wadda mazauninta hanji ne, kan shiga ta hanyar fitsari, idan ba a magance ta ba kuma sai ta haura zuwa ƙoda. Alamunta sun haɗa da zazzaɓi mai rawar ɗari, ciwon kwiɓi, amai da zafin fitsari. Mata, musamman masu juna biyu, sun fi kamuwa. Idan ciwon yana maimaituwa, musamman ga ƙananan yara, yakan bar tabo a ƙoda.

Ta biyu ita ce martanin garkuwar jiki. Bayan ciwon maƙogwaro ko ƙurajen fata da ƙwayar Streptococcus ta haddasa, sinadaran da jiki ya samar domin yaƙar ta kan taru a matatan ƙoda su kumbura su. Mako ɗaya zuwa uku bayan ciwon maƙogwaron, sai a ga fuskar yaro ta kumbura, fitsarinsa ya ragu ya koma kalar shayi. Cutar hanta nau'in B da C da kuma cutar ƙanjamau su ma kan lalata waɗannan matatai.

Ta uku ita ce ƙarancin jinin da ke isa ƙoda. Kwalara da gudawa mai tsanani kan tsotse ruwan jiki cikin 'yan sa'o'i, haka kuma bazuwar ƙwayoyin cuta cikin jini kan sa bugunsa ya yi rauni. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kan farfasa jajayen ƙwayoyin jini, har fitsari ya yi baƙi. A zazzaɓin Lassa kuwa, gazawar ƙoda na cikin alamun da ke nuna ciwon ya yi tsanani.

Ta huɗu ita ce toshewa. Tsargiya, wadda ake ɗauka ta wanka ko aiki a tafkuna da madatsun ruwa, kan zuba ƙwai a bangon mafitsara. Bayan shekaru, tabon da ƙwan ya bari kan matse bututun fitsari, sai fitsarin ya taru ya danne ƙoda. Maganin praziquantel na kashe tsutsar, saboda haka fitsarin jini ga yaro abin kai wa asibiti ne.

Wani haɗarin kuma shi ne yawan shan magungunan kashe raɗaɗi irin su ibuprofen da diclofenac alhali jiki ya rasa ruwa, domin suna ƙara rage jinin da ke isa ƙoda.

Ƙodar da ta sami matsala farat ɗaya takan farfaɗo idan aka gaggauta magani, amma matatan da suka zama tabo ba sa dawowa. Don haka duk majinyacin da fitsarinsa ya ragu, ya sauya launi, ko ƙafafunsa suka kumbura, ya kamata a hanzarta yi masa gwajin jini da na fitsari.