Dokar da aka yi wa 'yan ƙwadago bayan Baƙar Annoba

A watan Oktoba na 1347 wasu jiragen ruwa na 'yan kasuwar Janowa suka tsaya a Masina, a tsibirin Sisili, ɗauke da matuƙa marasa lafiya. Daga nan cutar da Larabawa ke kira ɗa'un ta bi hanyoyin fatauci. A Tunis ta kashe mahaifan Ibn Khaldun duka biyu. Ta shiga Ingila a 1348, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta tafi da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen ƙasar. Ko gidan sarauta bai tsira ba, don Joan, 'yar Sarki Edward na Uku, ta rasu a kan hanyarta ta zuwa gidan miji.

Da aka gama binne gawarwaki sai aka waiwayi gonaki. Ga amfani ya nuna, babu masu girbi. Talakan da a da yake ɗaure da gonar ubangidansa, ba ya iya barin ƙauye sai da izini, ya ga masu filaye suna rububinsa. Ladan ƙwadago ya tashi.

Me hukuma ta yi? A watan Yuni na 1349, tun cutar ba ta lafa ba, sarki ya ba da umarni: duk mai lafiyar da bai kai shekara 60 ba, in ba shi da sana'a ko gonar kansa, dole ya yi aiki ga wanda ya neme shi, a kan ladan da ake biya kafin annoba. Aka kuma hana ba mabaraci mai ƙarfi a jika sadaka. A 1351 majalisa ta ƙarfafa wannan da doka, har da yanke farashi: mai aikin ciyawa kwabo ɗaya a yini, mai girbi kwabo biyu a makon farko na Agusta, uku daga baya. Aka ce kowane gari ya kafa turu don masu taurin kai. Abin da ke damuna a nan shi ne, masu filayen da ke zaune a majalisa su ne suka rubuta dokar, kuma marayu da zawarawan da annoba ta bari ba su aka fara tunawa ba.

Dokar ba ta ci ba. An ci tarar mutane da yawa, amma mai gonar da alkamarsa ke shirin lalacewa yakan biya abin da aka nema a ɓoye, ko ya ƙara da abinci. Wasu iyayen gidan suka haƙura da noma, suka koma kiwon tumaki, tunda makiyayi ɗaya ya ishi garke. Talaka ya fara cin nama, ya fara sa tufafi masu kyau, har a 1363 aka yi dokar ƙayyade suturar kowane aji.

Yaƙi da Faransa kuwa yana ta cin kuɗi. A 1377 aka sa harajin kai, kwabo huɗu. A 1380 ya zama sule guda, wato ninki uku. A 1381 mutanen Essex da Kent suka yi bore, Wat Tyler na gabansu, suka shiga Landan, suka ƙona fadar Savoy, suka fille kan Simon Sudbury, babban limamin Canterbury. Sarki Richard na Biyu, yaro ɗan shekara 14, ya yi musu alkawarin 'yanci. Ranar 15 ga Yuni aka kashe Tyler a Smithfield, aka janye alkawarin, aka rataye shugabannin boren.

An murƙushe su, amma majalisa ba ta sake sa wannan harajin a zamanin Richard ba. Ƙarancin hannu ya ci gaba da aikinsa, kuma zuwa 1500 bautar gona ta kusa ƙarewa a Ingila.