Keso: Lissafin Wuri Dubu Ashirin a Tarihin Ciniki

Kasuwar Kure da ke Minna, wadda aka sa wa sunan Injiniya Abdulƙadir Kure, gwamnan Jihar Neja daga 1999 zuwa 2007, kasuwa ce ta zamani da ake ciniki da naira, amma dabarun ƙidayar da 'yan kasuwarta suka gada sun girmi bunƙasar garin, wadda ta biyo bayan layin dogon Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911. Kafin wannan lokaci fataken da ke ratsa ƙasar Gwari da ta Nupe da wuri suke saye da sayarwa, wato ƙananan ƙwanson halittar teku da ake kawowa daga tsibiran Maldibis, kuma da yake darajar ƙwaya ɗaya ba ta taka kara ta karya ba, ciniki mai ɗan kauri kan kai dubbai.

Babban ma'aunin wannan lissafi shi ne keso, wato wuri 20,000 da ake zubawa a buhun saƙa guda, wanda nauyinsa ya yi daidai da kayan ɗan dako ɗaya. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya ga yadda ake ƙirga wuri a Tasawa a 1851, inda ya bayyana cewa masu ƙirga kan ja shi biyar-biyar da yatsu, su tara tsibi na 200, wanda yake hauya goma tun da hauya ashirin ce, ko kuma tsibi na 1,000. A zama ɗaya aka ƙirga wuri 500,000 a gabansa, wato keso 25.

Idan aka dubi lambar 20,000 da idon masanin lissafi, za a gane dalilin da ya sa ta dace da wannan aiki. An gina ta ne da lambobi biyu kacal daga cikin waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, wato 2 da 5, domin idan aka ninka 2 da kanta har sau biyar za a sami 32, idan aka ninka 5 da kanta sau huɗu za a sami 625, kuma 32 sau 625 shi ne 20,000. Wannan gini ya ba ta lambobi 30 da ke raba ta ba tare da saura ba, ciki har da 4 da 8 da 16 da 25 da 200, ta yadda keso ɗaya ya zama ja 4,000 na biyar-biyar, ko hauya 1,000, ko tsibi 100 na ɗari bibbiyu. A Kano ta zamanin Barth dalar azurfa tana kan wuri 2,500, saboda haka keso dala 8 ne cif. Raunin wannan lamba ta 20,000 yana wajen rabon mutum uku, inda wuri biyu kan rage, da rabon mutum bakwai, inda ɗaya kan rage.

Abin da ya karya wannan tsari shi ne yawan wurin da 'yan kasuwar Jamus suka riƙa shigowa da shi daga Zanzibar tun tsakiyar ƙarni na 19, har darajarsa ta faɗi, kuɗin dakonsa ya riƙa cinye ribar fatake. Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, sule da kwabo suka maye gurbin wuri, sannan naira ta zo a 1973 a kan naira biyu duk fam guda, abin da ya sa jaka, wadda a da fam 100 ce, ta koma naira 200.

Waɗanda suka riƙe irin wannan lissafi a ka, ba tare da alƙalami ba, masana ne na gaske, kuma ya dace malaman lissafi a makarantun Minna da sauran garuruwa su koyar da rabawa da ninkawa da misalin keso, domin yara su san cewa kakanninsu sun ƙware a manyan lambobi tun kafin zuwan boko.