Iskar Bazara Da Rufin Ɗakunanmu

'Yan uwana mata, Hausawa sun ce iska tana wahalar da mai kayan kara. To a zamanin nan mu ne masu kayan karan, domin sau tari idan hadarin farko ya taso daga gabas a watan Afrilu ko Mayu, maigida yana kasuwa ko wurin aiki, ke ce a ɗaki ke da 'ya'ya. Shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihin wannan rufi da muke fakewa a ƙarƙashinsa.

Kakanninmu na birnin Zazzau da ƙasa suke gini. Magini zai jera tubali, ya gicciya azarar giginya wadda gara ba ta ci, ya zuba ƙasa a kai, a shafe da makuba, a sa indararo. Irin wannan soro nauyinsa kaɗai ya ishe shi, iska ba ta samun bakin da za ta kama. Wadda take son shaida ta tambayi labarin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Damina fiye da ɗari ta wuce ta kan ɗaurin gugansa kafin a kewaye shi da sabon gini a shekarun 1970. Amma fa soro ma yana da tasa wahalar. Kowace shekara sai an yi masa yaɓe, in an yi sakaci ruwan Agusta ya jiƙa shi ya rufto. Talaka kuwa jinka ce tasa, iska ta ɗebe, gobara ta lashe.

Da jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, sai kayan Turawa suka samu hanya, har da kwanon rufi. Sabon Gari da Tudun Wada suka kafu a bayan ganuwa, mu ma Gyallesu muka cika da ma'aikata da ɗalibai. Da arzikin man fetur ya zo, aka raba kuɗin Udoji a 1975, bulo da kwano suka zama abin yayi, har ta kai mai ɗakin ƙasa yana jin kunya. Kwano ya raba mu da yaɓe, wannan gaskiya ne. Sai dai ba shi da nauyi. Iska tana shiga ta ƙarƙashin bakinsa ta ɗaga shi kamar faifai, in katakon ya ci gara ko kafinta ya yi rowar ƙusa, shi ke nan. Ga shi kuma mangwaro da dogon yaro da ke rage mata ƙarfi mun sare, mun yi shaguna da ɗakunan haya.

Ni kaina na ɗanɗana. Wata la'asar sakaliya gari ya yi ja, kaji suka shige akurki, kafin in kwashe shanya ƙura ta rufe tsakar gida. Na tura yara ɗaki na sa sakata, wuta ta ɗauke. Muna zaune a dungu muna jin kwano yana numfashi, ya ɗaga ya sauka, ƙusa tana ƙara ɗaya bayan ɗaya. Autana ya ce, "Umma, ɗakin zai tashi da mu?" Na ce masa ya yi ta salati. Wallahi abin bai kai awa guda ba, amma sai na ji kamar kwana muka yi. Da muka fito, rufin makwabta yana kwance a kan garunmu, ya naɗe kamar tabarma.

Kada wata ta ce ai abin bai kai ya kawo ba. Ran 16 ga Yuni 2018, washegarin ƙaramar Salla, iska ta afka wa garin Bauchi, ta yaye gidaje da makarantu, ta kayar da turakun lantarki, aka yi asarar rayuka. In kin ga gemun ɗan uwanki ya kama da wuta, kin san sauran zancen.

Saboda haka, uwargida da amarya, ke kika fi kowa sanin inda ɗaki yake yoyo da inda kwano yake kaɗawa. Tun a watan Maris ki samu maigida cikin lumana ki ce, "Malam, a kira kafinta ya duba mana rufin nan." In gidan haya ne, matan gida ku haɗa baki a gaya wa mai gidan. Hadari na haɗuwa ki kashe murhu da risho, ki rufe tukunyar gas, ki kulle ƙofa da taga, don iskar da ta shiga ɗaki ita ke tura rufi sama. Kada ki aiki yaro ɗauko bokiti ko tare akuya, kwano mai tashi wuƙa ne. Bayan ta lafa kuma a nisanci wayar wuta da ta faɗo. Mai fili a ƙofar gida ta dasa itace nesa kaɗan da ɗaki, ta riƙa ba shi ruwan ɗauraya.

Kakanninmu ba su hana iska busawa ba, gini suka yi daidai da halinta. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.